Sunan da Na Goge

"Gyara talatin da ɗaya!"

Na juya masa kwamfutata da ƙarfi, har kofin shayinsa ya kusa kifewa.

"Talatin da ɗaya, Mai Makulli! Sati uku ina zana shafin nan, amma Tantabararka ta zauna ta ƙirgo min kurakurai kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa!"

Ya waiga hagu da dama kafin ya ce ƙasa-ƙasa, "'Yar Launi, ki rage murya. Akwai mutane."

"Ai kullum akwai mutane..."

A ɗakin da ke saman shagon buga takardu muke, inda mu masu aikin manhajar muke haɗuwa duk Asabar. Tebur ɗaya ne dogo, da kujerun da ba sa kama da juna, da fankar da ta fi yawan ƙara a kan iska. Manhajarmu ta tsara wa makarantu jadawalin darasi ce. A buɗe take, kowa na iya ɗauka kyauta, ya leƙa cikinta, ya gyara. Babu mai biyan kowa. Ni aka ba sake fasalin shafinta na intanet, don tsohon ya yi muni kamar allon sanarwar asibiti.

Dokar aikin uku ce. Ba a shigar da aikin mutum sai wani ya duba ya sa hannu. Kuma duk canjin da ka yi sai ka rubuta dalilinsa, ya shiga kundin da duk duniya ke iya karantawa. Idan kana da alaƙa da mai aikin, sai ka faɗa a fili, ka janye wani ya duba.

Shi ke riƙe da izinin ƙarshe, shi ya sa ake ce masa Mai Makulli. Wata takwas muna soyayya. Ya janye daga duba aikina kam, amma faɗa a fili? Ko da wasa. Shiru kawai yake tura aikina wurin Tantabara.

Ita kuwa shekararta huɗu a aikin, hoton tantabara ta sa a madadin fuskarta, sunan ya bi ta. Ta iya aiki, ba zan ci hakkinta ba. Ta kuma iya kallonsa.

"Ita fa aikinta kai kake dubawa," na ce. "Jiya ka rubuta mata 'Madalla, hannunki akwai albarka.' Har da alamar fure a ƙarshe!"

"Fure ɗaya ne fa, ranki ya daɗe."

"Sha bakwai ne tun farkon shekara. Na ƙirga."

Ya yi dariya, ita ce ta ƙara ƙona min rai.

"Zuciyata, idan suka san tsakaninmu, cewa za su yi don ke tawa ce aka ba ki shafin. Ki bari a ƙaddamar tukuna."

Kafin in ba shi amsa sai ga ta ta shigo, riƙe da kofi biyu. Ta ajiye ɗaya a gabansa, ta janye wanda ni na haɗa masa gefe.

"Wannan ya huce," ta ce. Sannan ta dube ni da murmushi. "Kin ga bayanaina? Musamman na ƙarshe. Babban hoton nan na gaba ya yi nauyi, ƙananan wayoyi ba za su iya ɗauka ba."

Hoton da na fi so ke nan, na yara a aji rana na shigowa ta taga.

"Na gani," na ce.

Na koma gida fuska a ɗaure. Umma na ninke kaya a falo, Yaya kuma na zaune tana duba takardun ɗalibanta, don malama ce.

"An dawo daga aikin lada?" in ji Yaya.

"Yaya, don Allah ki ƙyale ni."

Umma ba ta ɗago ba. "Ni aikin kyautar bai dame ni ba. Yaron ne. Wata takwas! Mutumin da ba zai iya cewa ke tasa ce a gaban mutum goma ba, shi ne zai iya tsayawa gaban Abbanku?"

"Umma, yana da dalili..."

"Duk mai ɓoye mace yana da dalili. Ki buɗe idonki, ƙila akwai wadda ba ya so ta ji."

Maganar ta zauna min daram a ƙirji.

Washegari da hantsi na zauna na yi gyara talatin. Na talatin da ɗaya na ƙi taɓawa, hotona na nan. Da na zo shafin godiya, inda aka jera sunan duk wanda ya taɓa sa hannu a manhajar, sai na ga nata can sama, daf da nasa. Mai Makulli, Tantabara. Kamar a katin gayyata.

Wallahi ban shirya ba. Yatsana ne ya tsaya a kan layin.

Na goge.

Na cusa shi cikin sauran gyare-gyaren, a wurin dalili na rubuta: "Gyaran tsari." Raina ya ce canje-canjen suna da yawa, ba za ta lura ba. Kafin la'asar Tantabara ta sa hannu, ba ta ce uffan ba. Har da ɗan murmushina, wai na yi nasara.

Ranar Asabar ɗakin ya cika, wasu kuma suna kallo ta intanet. Baban Lissafi ya zo da sandarsa. Shi ne tsohon malamin da ya fara rubuta manhajar, kuma yana da al'ada: kafin a ƙaddamar da komai, sai ya karanta sunayen shafin godiya ɗaya bayan ɗaya, da bakinsa.

Ni na manta da wannan al'adar sam.

Aka haska sabon shafin a bango, aka yi tafi. Mai Makulli ya saci kallona, idonsa cike da alfahari. Baba ya gyara tabarau ya fara karatu. Da ya kai ƙarshe ya ɗago kai.

"Sittin da biyu," ya ce. "Mu sittin da uku ne. Wa ya ɓace?"

Tantabara ta ɗaga hannu a hankali.

"Ni ce, Baba. Ƙila kuskure ne... a duba kundi mana."

Tun ranar ta gani! Ta gani, ta sa hannu, ta jira yau.

Aka buɗe kundin a bango. Ga layin sunanta an ja masa ja. Ga sunana a gefe, da rana, da lokaci. Ga kuma ƙaryata da manyan baƙaƙe: "Gyaran tsari."

Ban taɓa jin ƙarar fankar nan kamar ranar ba.

"'Yata," Baba ya ce a tausashe, "kuskure ne?"

Na dubi Mai Makulli. Idonsa ya kaɗa, yana min kallon wanda bai taɓa sanina ba. Kalma ɗaya nake jira daga bakinsa, ko ta faɗa ce.

Bai ce komai ba.

Na suri jakata na fita. Aka ɗage ƙaddamarwar.

A kan matakala Tantabara ta same ni.

"Shekara huɗu," ta ce. "Shekara huɗu nake wannan aikin ba ko sisi. Sunan nan shi kaɗai ne abin da nake da shi a ciki, shi kika ga damar gogewa?"

"Ke ma ai kin gani kika yi shiru don ki tozarta ni!"

"Ƙwarai. Na yi." Ta share ido da bayan hannu. "Kin ɗauka ban sani ba? Tun ranar da ya fara turo min aikinki na gane. Ina son sa tun kafin ki san hanyar ɗakin nan. Ni fure yake ba ni a rubuce, ke yake bi da ido har ki fita. Kika samu wannan, kika kuma bi ni kan suna?"

Na sauka daga matakalar na tafi gida.

Kwana uku bai kira ba. Ni ma ban kira ba, sai dai duk bayan minti biyar ina duba ko ya rubuta mata wani abu a kundi. Kishi bai san kunya ba, ina cikin wannan halin ma ƙirgen furanni nake.

A rana ta uku Yaya ta shigo ɗakina da wayarta mai fasasshen gilashi.

"Ke, nuna min shafin da ya hana mu sakat a gidan nan. Shugabar makarantarmu na neman abin tsara jadawali."

Na buɗe mata shafin gwaji. Muka jira. Farin allo kawai, da ɗan da'ira yana juyawa. Can sai saman hoton ya fara saukowa, rufin aji, sai rabin taga...

"Wannan kafin kan yaran ya fito an tashi makaranta," in ji Yaya. "Ya cinye min data! Malamai irina kuka yi wa, ko masu manyan wayoyi?"

Gyara na talatin da ɗaya.

Gaskiya Tantabara ta faɗa min. Tana son wanda nake so, ta kuma faɗa min gaskiya, ni ce na kasa raba biyun. Na kifa kai a cinyar Yaya na fashe da kuka, na ba ta labari tun daga farko.

Ba ta lallashe ni ba. "Kin yi abin kunya, ƙanwata. A gaban mutane kika ɓata, a gabansu za ki gyara."

Na wanke fuska na buɗe kwamfuta. Na cire hotona, shafin ya buɗe a wayar Yaya kafin ta ƙifta ido. Na mayar da sunan Tantabara inda yake, daf da nasa, duk da sai da na cije leɓe. Saura wurin dalili.

Na rubuta "Gyaran kuskure." Na goge. Na daɗe ina kallon wurin, sannan na rubuta:

"Na mayar da sunan da na cire. Ba kuskure ba ne, da gangan na yi, saboda kishi. Ta fi ni gaskiya a kan hoton ma. Ina neman afuwarta da taku."

Abin da ya shiga kundin nan ba ya fita. Duk wanda zai ɗauke ni aiki nan gaba zai iya karantawa. Na tura. A wurin mai dubawa na sa sunan Mai Makulli, don ba ni da idon da zan nemi sa hannunta. Ba tarko na ɗana masa ba.

To... ƙila kaɗan.

Minti goma. Ashirin. Ina ganin adadin waɗanda suka karanta yana hawa. Yaya na tsaye a kaina, Umma ma ta leƙo da tsintsiya a hannu.

Sai ga amsarsa, a fili, inda kowa ke gani.

"Ba zan iya duba wannan aikin ba. Dokarmu ta ce mai alaƙa ya faɗa ya janye. Wata takwas ina janyewa ban faɗa ba, wannan laifina ne, kuma shi ya kai mu nan. Wadda ta turo aikin ita nake so, ita zan aura idan ta yafe min. Wani ya duba."

Yaya ta ƙwala ihu. "Umma! Zo ki ga surukinki ya yi magana a gaban duniya!"

Umma ta karɓi kwamfutar ta karanta sau biyu, tana motsa baki. "Hmm. Ashe yana da baki."

Ni dai hawaye ya hana ni ganin allon. Amma aikin na nan a tsaye, babu sa hannu, kuma na san mutum ɗaya ce ya kamata ta sa.

Sai bayan awa guda ta amsa.

"Na duba, shafin ya yi sauƙi yanzu. Na sa hannu. Na yafe, ni ma ku yafe min shirun da na yi."

Babu fure. Ban ga laifinta ba, na san abin da rubuta wannan ya ci mata. A karon farko na ji tausayinta ya fi kishinta yawa a raina.

Baban Lissafi ya ƙara nasa a ƙasa: "Sittin da uku. Asabar a zo da wuri."

Wayata ta yi ƙara.

"'Yar Launi..." Muryarsa a dishe. "Kin ɓata min rai, wallahi kin ɓata."

"Na sani, Masoyi. Kai ma ka ɓata min."

"Na sani. Ina ƙofar gidanku. Abba yana nan?"

Na leƙa ta taga. Ga shi tsaye a rana, ya sa rigar da ba a gama goge ta ba, hannunsa riƙe da furanni na gaske, yana ta sauya su daga wannan hannu zuwa wancan.

"Guda nawa ne?" na tambaya, ina dariya ina kuka.

"Sha takwas, zuciyata," ya ce. "Na san za ki ƙirga."