Agogon da Na Gyara Ba Ya Gudu

Sai a karo na biyu ta iya soka allurar a jijiyarsa, ita da ko jariri takan ɗebi jininsa bai farka ba.

"Likitata, yau kuma ni ne abokin gaba?" Mai gyaran agogo ya faɗa yana murmushi.

"Ni ba likita ba ce, jini kawai nake aunawa."

"To mai auna zuciyata."

Ba ta yi dariya ba. Ta zuba jinin a siririyar kwalba mai lambobi, ta kafa ta tsaye cak. Gwajin ba wuya: a bar jini awa ɗaya, a ga iya inda ya kwanta. In ya sauka kaɗan, lafiya. In ya zube ƙasa sosai, akwai kumburi yana cin jiki.

Wata takwas ke nan yana zuwa saboda gaɓoɓinsa da ke kumbura, kuma a cikin awannin jiran nan soyayya ta shiga ba sallama. Har agogon bangon ɗakin gwajin shi ya gyara, da yatsun nan masu ciwo.

Sai Gwaggonta, wadda ta daɗe tana yi wa ɗanta kamun ƙafar aurenta, ta kai wa Baba tsegumi. "Jinya za ta aura ko miji?" Baba ya yanke magana: a kawo takardar gwaji. In jini ya yi kyau, ya ba shi aurenta. In ba haka ba, kowa ya kama gabansa.

Gwajin yau ke nan. Mai agogo ya fita shan iska. Minti ashirin kacal, jinin har ya kai lamba sha takwas, dab da iyakar mai lafiya, kuma sauka yake yi. Wayyo Allah! Ta taka kujera, ta tura dogon hannun agogon bangon gaba da minti arba'in, ta rubuta sha takwas.

Ya dawo, ya dubi takardar, ya ɗaga kai ya dubi bango. Ya daɗe yana kallo.

"Awa ta cika?"

"Ta cika."

"Masoyiya... agogon da na gyara ba ya gudu."

Hawaye suka ɓalle mata. "Ka bar shi haka! Don Allah ka bar shi! Wa zai sani?"

"Likita zai gani ya rage min magani. Baba zai gani ya ba ni ke a kan ƙarya. Ranar da na kasa ɗaura maɓallin rigata, me za ki ce masa?"

"Ni zan ɗaura maka!"

"Na sani. Shi ya sa ba zan sace ki ba."

Ya kwance agogon hannunsa da ƙyar, ya ajiye kusa da kwalbar. Suka zauna suna kallon jinin yana sauka. Lamba talatin... sittin... Da awa ta cika da gaske, yana kan casa'in da biyu. Ita ta rubuta da hannunta, shi ya kai wa Baba da ƙafarsa.

Baba ya yaba gaskiyarsa, har ya raka shi bakin ƙofa. Amma yabo ba aure ba ne. Gwaggo kuwa bakinta har kunne.

Mai agogo bai sake zuwa ba. Ya koma wani ɗakin gwaji, wai don kada ta riƙa karanta ciwonsa da idonta. Daga baya ta ji ya rufe shago, yatsun sun ƙi. Ta yi kuka har ta gode Allah.

Agogon bangon yana nan yana gaba da minti arba'in. Rannan shugabar ɗakin ta gaji, ta ce, "Wai ba mai gyara mana abin nan ne?"

Ta shafa agogon da ya bari, wanda ya yi wa hannunta yawa.

"Akwai," ta ce a hankali. "Amma ba zai zo ba."