Ƙunshin Baƙin Zare

"Auta, tikiti uku na yanka, jibi za mu bi jirgin ƙasa," in ji Yaya, ya ajiye su a kan akwatin da suke cin abinci a kai. "Na samu aiki can nesa da teku."

Auta ta zuba wa tikitin ido. Shekara biyu ke nan da yaƙi ya koro su wannan gari, inda ko gaisuwar mutane ba su gama iyawa ba. Mijinta Dogo, direban motar asibiti, shi aka hana shiga jirgin ruwan da ya kwaso su. Ta bayan shinge ya ce mata, "Ki zauna inda jirgi ya sauke ku, zan zo." To in ta tafi, ina zai neme ta?

"Yaya, don Allah a ƙara mini wata guda."

"Kullum wata guda," Goggo ta karɓe. "'Yar nan, mai rai ai da ya aiko ko da yagaggiyar takarda."

Da kumburarrun idanu ta tafi aiki washegari, ɗakin wankin asibitin bakin teku. Ƙa'idar wurin ita ce, kayan majinyatan da jirgin ruwa ya kawo a ƙunshe suke zuwa: na masu rai da farin zare, na waɗanda suka cika a hanya da baƙi. Auta ta tsani baƙin zaren nan kamar me.

A ƙunshi na huɗu, mai baƙin zare, ta ga shuɗiyar riga irin ta Dogo, da faci a gwiwar hannu, ɗinkin jan zare. Ita ta yi facin da hannunta, ranar da shuɗin zarenta ya ƙare. Ta zube a ƙasa tana salati, tsoro ya hana ta ko kuka.

Shugabar masu wanki, tsohuwa ce mai faɗan tsiya, ta zazzage sauran ƙunshin, ta ɗaga wandon.

"Ke, ba ke kike cika mana kunne da cewa mijinki sai ya sunkuya yake shiga ƙofa ba? Wannan wandon ko ni ya yi mini kaɗan. Tashi ki duba sama, ɗakin majinyata."

Haka ta hau bene ba takalmi, tana leƙa gado bayan gado. A can ƙarshe ta hango ƙafafu biyu sun zarce gado.

"Dogo!"

Ya rame ƙwarai, kafaɗarsa a naɗe. Ya dubi rigar da ke hannunta, ya ce:

"Wani bawan Allah sanyi ya kama a jirgi, na ba shi rigar. Auta, ashe kin zauna."

Da Yaya ya zo ya gan shi, kasa haɗa ido ya yi da ƙanwarsa. Goggo kuwa kuka take tana cewa a yafe mata bakinta.

Mai jiran alkawari kullum shi ake gani kamar marar wayo, amma haƙurinsa ba ya faɗuwa ƙasa banza. Da Auta ta gaji kwana ɗaya kafin lokaci, da Dogo ya tashi daga jinya ya tarar da baƙi a ɗakinsu.