Fasfon 'Yar Hayan Sama

Da hantsi aka kawo ƙara caji ofis: an sace fasfo a gidan hayan da ke kallon tsohuwar hasumiya. Sufeto ya ja tsaki ya ɗauki hularsa. Ba ya son unguwar nan ko kaɗan. Baƙi maƙil, kowa na ɗaukar hoto da ginin da ya girmi kakan kakansa, amma ka yi sallama ba mai amsa maka.

Mai ƙarar nas ce, tana haya a saman bene. Ya tarar da akwatunanta a ɗaure, idanunta sun yi jawur.

"Gobe jirgina zai tashi, yallaɓai. Mijina na can yana jira. Mun sha wuya kafin mu samu bizar nan, in ta wuce ni na shiga uku."

"Ina kika ajiye shi?"

"Kan teburin nan, cikin 'yar jaka ja. Jiya na je sallama da abokan aiki, na dawo babu."

Sufeto ya duba ƙofa, ba a ɓalle ta ba. Ga kwamfuta, ga sarƙar gwal a gaban madubi. Wane irin ɓarawo ne wannan?

"Wa ke da makulli ban da ke?"

"Dillali, sai Iya mai gidan."

Iya a ƙasa take zaune ita kaɗai. Falo ne babba, kujeru duk an lulluɓe su da zani sai guda ɗaya. Rediyo na ta surutu. A gefenta ga sanda, an naɗe mariƙinta da koren ƙyalle.

"Iya, kun hau sama jiya?"

"Ni? Ɗan nan, dubi gwiwoyin nan! Rabona da benen nan tun maigidana na raye."

"'Ya'yanku fa?"

"Suna gaishe ni a waya, in sun tuna. Sauran ɗakunan kuwa baƙi ne, su kwana biyu, su kalli hasumiya, su tafi. Ko fuskarsu ba na riƙewa. Ka tuhumi dillalin nan, idonsa a tsaitsaye yake. Zauna mana in dafa maka shayi."

Bai zauna ba, kuma har ya kai titi ƙin zaman da ya yi na damunsa.

Dillali na ganin kaki ya hau rantse-rantse. "Wallahi yallaɓai, tun watan jiya ban taka gidan ba!"

Sufeto ya miƙa masa waya. Tallar dillalin ce da ya sa a intanet jiya: ɗaki mai taga na kallon hasumiya, a zo da wuri. A hoton ga akwatunan nas a ɗaure.

"Watan jiya ta ɗaure kayan?"

Gumi ya karyo masa. "To, na shiga. Hoto kawai na ɗauka, na fita. Ba kowa a ciki, banɗaki ma a rufe yake."

Sufeto ya ƙara girman hoton. Jakar ja tana kan tebur. A jikin gado kuma, an jingine wata sanda mai koren ƙyalle.

Ya koma gidan, ya kira nas ƙasa, ya ajiye wayar a cinyar Iya.

"Sandar nan ita kaɗai ta hau bene, Iya?"

Tsohuwa ta daɗe tana kallo. Sai ta sa hannu ƙarƙashin matashin kujerarta ta ciro jakar.

"Da rarrafe na hau," ta ce. "Na ji motsin dillali na ɓuya a banɗaki."

Nas ta dafe ƙirji. "Iya! Ku? Me na yi muku?"

"Ke kika saba min, 'yar nan. Kullum sai kin leƙo kin ce Iya ina kwana, kun sha magani? Kafin ki zo, sai in yini bakina bai buɗu ba. Na ce ko jirgin ya tafi ya bar min ke. Na san zalunci ne. Na sani."

Nas ta rungume jakar tana kuka. "Yallaɓai, na janye ƙarar. Don Allah a bar ta."

Tausayi ya kama Sufeto, amma aiki aiki ne. "An riga an buɗe fayil. Sai ta je ta ba da jawabi, ni da kaina zan dawo da ita."

Ya riƙe hannun Iya har bakin mota. Baƙi na ta ɗaukar hoto, ba wanda ya waiwayo. Da ta zauna sai ta taɓa kafaɗarsa.

"Ɗan nan, can ofishin naku akwai mutane?"

"Kamar kasuwa, Iya."

Ta gyara mayafinta. "To, kada ka yi saurin dawo da ni."