Na'urar Gado na Uku

Da hantsi tsohon direban da ke gado na uku ya cika, kafin azahar har an samo wadda za a ɗora wa laifi. Auta ce, nas ɗin da ke jinyarsa, 'yar marigayi yayan Babbar Sista, wadda ta raine ta tun tana rarrafe.

Asibitin na gwada na'urori biyu na auna hawan jini, irin waɗanda ake zura siririn bututunsu cikin jijiyar hannu, don kwamiti ya zaɓi ɗaya. Ta farkon aka sa wa direban bayan tiyatar ciki. Allonta ya nuna jini ya faɗi, Auta ta ƙara maganin ɗaga jini yadda aka tsara, alhali jinin bawan Allah lafiya lau yake. Jini ya hau, ɗinki ya ɓalle daga ciki. An garzaya da shi tiyata, bai fito da rai ba.

Sufeton 'yan sanda da aka kira ya ce sakaci ne, da la'asar zai tafi da yarinyar. Albarkacin furfurar Babbar Sista ya ɗaga ƙafa zuwa lokacin.

"Gwaggo, wallahi na daidaita ma'aunin da zuciyarsa," in ji Auta. "Har filasta na manna a wurin."

Ma'aunin wani ɗan abu ne da ake maƙalawa a sandar ƙarfe kusa da gado. Dole ya zama daidai da zuciyar majinyaci, in ya fi ta tsawo sai allo ya nuna jini ya faɗi. Babbar Sista ta je ta duba, ta tarar yana nan kan filastarsa, daidai da katifa yadda ya kamata. Ta so a ce an taɓa shi, don nan ta sa rai.

Ta tsare injiniyan asibitin. Ya gwada na'urar a gabanta, ba ta da aibu, kuma tun safe yana fama da janareta, masu gadi sun shaida. Ta koma kan wakilin kamfanin na'ura ta biyu, wanda faɗuwar na'urar farko za ta fi yi wa daɗi. Bai taɓa taka sashen ba, a ɗakin taro ya wuni. Amma shi ko a gidan makoki sai ya yi talla: ya shiga yabon tasu, wai a damtsen majinyaci ake ɗaure ma'auninta, ko gado ya hau ko ya sauka babu ruwanta.

Ba ta jira ya ƙarasa ba. Ta koma gado na uku ta taka fedarsa. Gadon ya sauka fiye da taki guda, ma'auni na can sama bai motsa ba. Ashe ba sanda aka taɓa ba. To wa ya sauke gadon, ya kuma mayar? Auta ta rantse babu baƙon da ya shigo sai matar mamacin. Ga rana ta karkata, Sufeto na ta duba agogo.

Matar na kan benci a baranda, 'yar gajeriyar tsohuwa, ba wanda ya tambaye ta komai. Babbar Sista ta zauna ta yi mata ta'aziyya.

"Mun gode," in ji ta. "Ni dai likitan nan mai tabarau ba zan manta da shi ba. Tun da aka kwantar da maigida ban ga fuskarsa sosai ba, gadon ya yi mini tsawo. Yau ya sauke mini shi, na zauna muna kallon juna."

Mai tabarau shi ne shugaban kwamitin, kuma wakilin nan ƙanen matarsa ne. Da aka sake tambayar Auta, sai ta ce i, ya shigo, shi ne ma ya aike ta ɗakin gwaji. Ba ta ambace shi ba don a wurin nas likita ba baƙo ba ne. Ta dawo ta tarar na'ura na ƙara, idonta ya tafi kan allo, ba ta kalli gado ba.

A ofis Babbar Sista ta warware wa Sufeto zancen. Likitan so ya yi na'urar farko ta nuna kuskure a idon shaidu, sai ya fake da tausayin tsohuwa. Da aka fita da direban, gado ya zama babu kowa, ya mayar da shi yadda yake.

Likita ya ce ƙazafi ne. Sufeto ya sa aka shigo da matar. Tana ganin likitan ta durƙusa, tana sa masa albarka, shi da 'ya'yansa. Ya cire tabarau.

"Kira aka yi mini na gaggawa," in ji shi a hankali. "Na ɗauka zan dawo kafin ta taɓa maganin."

Sufeto ya sa masa ankwa. Auta ta faɗa jikin gwaggonta tana kuka. Tsohuwar kuwa ta bi ankwar da ido har ƙofa, sannan ta juyo.

"'Yar nan, ina za su kai shi? Mutumin kirki ne fa."

Babbar Sista ta riƙo hannunta ta zaunar da ita.