Bugun Bango a Ɗakin Kaka

Yarinyar nan ita ce ƙarama a gidansu, shi ya sa kowa yake ce mata Auta. Tana aji huɗu. Tana da wayo, tana da baki. In kuwa ana maganar tsallen igiya, ba ta da na biyu a layinsu.

Kakarta ce ta raine ta. Kaka mace ce mai tsoron Allah. Kullum da asuba za ka ji ta a ɗaki tana addu'a cikin sunan Yesu. Takan kira 'ya'yanta da jikokinta ɗaya bayan ɗaya. Ba ta tsallake kowa, har da masu ƙin ji. Ran Lahadi kuwa, wani lokaci har mai gadi takan riga isa coci.

Ana nan sai Kaka ta kwanta ciwo, Ubangiji ya ɗauke ta. Aka yi jana'iza, baƙi suka watse. Aka ja ƙofar ɗakinta aka rufe. Silifas ɗinta suna nan a bakin ƙofa, an rasa mai ƙarfin halin ɗauke su.

A gidan da ke manne da nasu akwai wata tsohuwa mai ɗinki, ana ce mata Iya. Ita kaɗai take zaune, ɗanta yana aiki a wani gari mai nisa. Idanunta sun yi rauni, gwiwoyinta ma sun gaji. Kullum da rana Kaka takan shiga wurinta. Ta cika mata bokiti da ruwa. Ta zura mata zare a allurai masu yawa, ta soke su a jikin ɗan matashi, don Iya ta sami na aiki har gobe. Daga nan su yi addu'a tare.

Wata safiya Mama ta kira Auta.

"Kin ga ni ina shago, babanki yana gareji. Ba ma dawowa sai yamma. In kin taso daga makaranta, ki riƙa leƙa Iya. Ki ɗebo mata ruwa, ki sa mata zare."

"To, Mama."

"Kullum fa na ce."

"Na ji, Mama."

Ranar farko Auta ta je. Ɗakin Iya da duhu, ga warin man zafi. A can lungu akwai mutum-mutumin da ake gwada riga a jikinsa. Ba shi da kai, kuma an sa masa doguwar farar riga. Auta tana sa zare tana satar kallonsa.

Iya kuma ba ta da fara'a. Ta shafa allurar ta ce, "Ke, wannan zare ne ko igiyar shanya? Rage shi!"

Auta ta fito tana ƙunƙuni. Ta ce a ranta, ita da gidan nan har abada.

Washegari ta ajiye jaka ta tafi tsallen igiya. Da yamma Mama ta tambaye ta, "Yaya Iya?"

"Lafiyarta ƙalau," in ji Auta. Ko ƙifta ido ba ta yi ba.

Ƙaryar farko ce mai nauyi. Ta biyu da ta uku sai suka zo mata da sauƙi. Mama kuwa takan dawo a gajiye, ta yarda da maganar 'yarta.

Rannan Auta ta dawo daga makaranta, hadari ya haɗo. Gari ya yi duhu tun da rana, yara duk sun shige gidajensu. Ta buɗe ƙofa da makullin da ke rataye a wuyanta. Gida shiru, sai ƙarar agogon bango.

Tana cire takalmi sai ta ji wani abu.

Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas.

Ta tsaya cak. Ta ce ƙila taga ce iska take bugawa. Ta duba, duk tagogi a rufe suke.

Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas.

Daga ɗakin Kaka bugun yake fitowa. Ta taka a hankali har bakin ƙofar, ta tsaya kusa da silifas ɗin nan. Ta kara kunnenta a jikin katako.

Sai ta ji wata siririyar murya, kamar daga cikin rijiya. Muryar tana rera waƙar yabon da Kaka takan rera in tana guga. Ta rera kaɗan ta tsaya. Can kuma ta ce, "'Yar'uwa... 'yar'uwa..."

Auta ta ranta a na kare. A bakin ƙofar waje ta zauna, yayyafi yana dukanta, har Baba ya dawo.

"Ke lafiya? Me kike yi a cikin ruwa?"

"Ba komai, Baba. Iska nake sha."

"Iska a cikin ruwan sama? Shige ciki, ja'ira!"

Ta so ta faɗa, amma ta kasa. Ta tabbata Kaka ce ta dawo don ta tona mata asiri. In ta ce ta ji bugu, za a tambaye ta dalili. Da dare ta ci abinci kaɗan ta ture kwano.

Washegari ma haka aka yi. Tana shiga gida bugun ya fara. Amma yau a hankali yake, kuma babu waƙa. Ƙwas. Sai shiru mai tsawo. Ƙwas. Wannan shirun ya fi bugun ba ta tsoro.

Gari ya sake wayewa. A aji, Malama ta lura Auta ta yi tsuru-tsuru, ba ta ɗaga hannu ko sau ɗaya ba. Da aka fita hutun tara ta kira ta.

"Yau bakin naki ya tafi hutu ne?"

Auta ta sunkuyar da kai. "Malama, wanda ya mutu yana dawowa ya yi fushi da mutum?"

"A'a. Kakarki tana hutawa a wurin Ubangiji. Ba ta yawo a ɗakuna tana tsorata jikarta. Me ya faru?"

Auta ta fashe da kuka. Ta faɗi komai, har da ƙaryar da take yi.

Malama ta share mata hawaye. "Ban san abin da yake bugun nan ba. Amma na san mamanki ya kamata ta ji, kuma yanzu. Ɗauko jakarki, mu je."

Suka sami Mama a shago tana auna wa wata mata sukari. Auta ta fara bayani tana in-ina.

"Bugu?" in ji Mama. "A ƙofa ko a bango?"

"Kamar a bango. Wajen gadon Kaka."

Gwangwanin awo ya suɓuce daga hannun Mama.

"Wayyo Allah! Iya ce! Gadonta yana bayan bangon nan. Haka suke yi da kakarki. In ɗaya tana neman taimako sai ta buga, ɗayar ta zo. Yaushe rabonki da ita?"

"Tun ranar farko ban koma ba, Mama."

Mama ba ta tsaya faɗa ba. Ta kira Baba a waya, suka ruga.

Ƙofar Iya a kulle take ta ciki. Suka yi ta sallama, shiru. Baba ya iso da ƙarfen cire taya, ya ɓalle sakatar.

Farar rigar nan marar kai ce ta fara yi musu maraba a cikin duhu. Auta ta ƙanƙame Malama. Mama ta yaye labule, haske ya shigo.

Ga Iya a kwance a kan gado, fuskarta tana kallon bango. Almakashi yana hannunta. Da shi take bugun. Jikinta zafi rau, leɓɓanta sun bushe. Bokitin ruwa kuwa ko ɗigo babu.

"Iya! Iya!"

Da ƙyar ta buɗe ido. "'Yar'uwa, kin zo?" Zazzaɓi ya sa ta manta Kaka ta rasu.

Aka ɗauke ta zuwa asibiti, aka sa mata ruwa. Likita ya ce da an ƙara kwana ɗaya, da labari ya sha bamban. Auta ta ji maganar nan da kunnenta. Ta zauna a kan benci tana kuka, kunya da baƙin ciki sun cika ta.

Mama ta zauna kusa da ita. "Da kin ce min kina jin tsoron ɗakin, da mun san yadda za mu yi. Ƙaryarki ce ta rufe mana ido. Ni ma da laifina, da ban leƙa da kaina ba."

"Ki yafe min, Mama."

"Na yafe. Saura Iya."

Da Iya ta sami sauƙi, Auta ta durƙusa a gaban gadonta. "Iya, na ji bugunki na gudu. Na zaci fatalwa ce. Ki gafarce ni."

Iya ta yi dariya har da tari. "Ni ce fatalwar? To, Allah ya yafe mana duka. Tashi ki zauna, in ba ki labarin kakarki."

Auta ta zauna a bakin gado.

"Kakanku ya rasu tana da ƙuruciya. Da wanki da guga ta raini mamanki da 'yan'uwanta. Hannunta duk ya tsattsage, amma ba ta taɓa barin maƙwabci da yunwa ba. Da na tare a layin nan ba na shiri da kowa. Ta zo gaishe ni, na kore ta. Ta dawo, na sake korar ta. Matar nan ta fi ƙuda naci! Na ce, 'Wai me kike nema a wurina?' Ta ce, 'Yesu bai gaji da ni ba, don me zan gaji da ke?' Daga ranar muka zama 'yan'uwa."

Auta ba ta taɓa jin wannan ba. Ta ji kewar Kaka ta kama ta, amma tsoron ya tafi.

Bayan 'yan makonni aka yi sujadar tunawa da Kaka a coci. Iya ta zo da ƙafarta, tana dafe da kafaɗar Auta. Tafiya suke a hankali, Iya tana yi mata tsiya wai ta cika sauri. Fasto ya tambaya ko akwai jikan da zai ce wani abu. Auta ta miƙe.

"Kakata ba ta gajiya da mutane," in ji ta. "Ni na gaji a rana ɗaya, na yi ƙarya, har Iya ta kusa mutuwa. Yanzu na gane. In an ba ka amana, ka riƙe. In ka kasa, ka faɗi gaskiya da wuri. Kuma in muna son tunawa da Kaka, sai mu ci gaba da alherin da take yi."

Daga kujerar gaba Iya ta ce "Amin!" da ƙarfi, har ta riga Fasto. Duk coci aka yi dariya, Mama tana dariya tana share hawaye.