Ɗari Biyu Ba Ashirin da Bakwai

"Lea, in na ƙara ganin ki da yaron ga, ba ni ba ke!"

Baba Irmiya ke faɗa, ni kuwa ina durƙushe, kaina a ƙasa, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Shekara biyu ke nan da samun mulkin kai. Gwamnati ta ce duk ƙauyen da ya kai mutum ɗari biyu za a gina masa rijiyar siminti. Mu a Tungar Yaro, tafiyar wuni gabas da Gecheme, sai mata su fita da asuba su dawo da hantsi da tulu ɗaya.

Hilaire aka turo daga Dutsi ya ƙidaya mu. Namiji ba ya shiga cikin gida, ni kuma na yi lakwal, wato makarantar boko, a wurin 'yan mishan, sai ya ba ni takarda da alƙalami.

Wayyo, rawar kai!

Ina tafe ina Faransanci don ya ji, ina tambayar mata, "Ɗiyanki nawa?" Abin da suka ce, shi nake rubutawa. Kafin mu gama, ya fara kira na "hasken idona", ni ma zuciyata ta tafi.

Lissafi ya tashi ɗari da saba'in da uku.

Rijiya ta wuce mu.

Gari ya ɗora wa Hilaire laifi, wai baƙo ya shafe mu. Bai ce uffan ba. Ni da na riƙe alƙalamin ma na yi shiru, na bar shi yana shan zagi, har Baba ya mayar da goron neman aurena da dangin Hilaire suka kawo.

Ran kasuwar Gecheme ya tare ni.

"Hasken idona, ga takardunki. Duba gidanku."

Na duba... ɗiya uku.

Mu huɗu ne!

Da gudu na iso gida. "Iya, ɗiyanki nawa?"

Tana tankaɗe ta ce, "Ukku."

"To ni fa?"

Ta kawar da kai. "Ke, rashin kunya! Wa ka lissahin ɗan fari?"

Sai da na zauna. Ni da Iya ba ta taɓa kiran sunana ba tun da aka haife ni, ni ce na manta uwa ba ta ƙirga ɗan fari! Gida gida haka aka yi mini, ina ta taƙama da boko.

Na sami Baba a ƙofar gida cikin dattawa. Na durƙusa na ce:

"Baba, ba shi ne ba. Ni ce na shahe mu..."

Na faɗa musu duka, ina kuka. Kunyar da na ji ranar ban taɓa jin irinta ba. Baba ya dube ni ya ce:

"Yaron ga ya sani, kuma ya yi shiru?"

"Ya sani, Baba."

"Aika a kira shi."

Muka sake ƙidaya. Wannan karon kakanni da maƙwabta na tambaya. Ɗari biyu da huɗu! Hilaire ya kai takardar Dutsi da ƙafarsa, sau uku ana mayar da shi, bai gaji ba.

Bayan damina aka fara haƙa. Kafin a kai ga ruwa an ɗaura mana aure.

Bana wani sabon ma'aikaci ya zo ƙidaya, ya same ni a bakin rijiya da ɗana na fari goye a baya.

"Madam, ɗiyanki nawa?"

Na buɗe baki... "ɗaya" ta ƙi fita.

Hilaire na gefe, yana ta dariya. "Faɗa mishi mana, mai lakwal!"

Na ja mayafi na rufe fuska.

"Malam, je ka tambayi maƙwabciyata Kaltume."