Taswirar Minti Arba'in

Da hantsi aka kira Sufeto. An tsinci gawar wani mutum a bayan masana'antar rini, an rotsa masa kai. Mamacin shi ne mai gwajin ruwan masana'antar. A ƙirjinsa an ɗora takarda da aka buga daga shafin wata jaridar intanet, taswira ce mai ɗauke da sunansa da lambar gidansa.

Kafin rana ta take, masu gadin masana'antar biyu sun shiga hannu. Suka ce su a shafin jarida suka ga sunan. Sufeto mutum ne da ko saƙon waya sai ya ja tsaki kafin ya buɗe, amma haka ya hau benen jaridar.

Edita ta tarbe shi a tsaye, ta juyo masa da kwamfuta.

"Ka ga taswirar, yallaɓai. Ɗigo goma sha biyu, kowane ɗigo mutum ne da ya ba mu shaida cewa ana zuba guba a kogi. In mai karatu ya taɓa ɗigo, unguwa kawai yake gani da abin da aka faɗa. Babu suna."

"To wannan fa?" Ya ajiye takardar.

"Wannan ta gwaji ce, wadda muka tantance shaidu da ita. Ba ta fita waje."

"Ta fita. Su wa suka san da ita?"

"Ni, da mataimakina, da Mai Taswira. Ita ta haɗa duka biyun."

Mai Taswira tana zaune a lungu, idanunta sun kumbura. Wani dattijo mai furfura yana tsaye a kanta. Mataimakin edita ne, ana ce masa Jan Biro, don ba a taɓa miƙa masa rubutu ya dawo da shi fari ba. Shi ya ɗauke ta aiki shekara shida da suka wuce, Baba take ce masa.

"Malama, yaya taswira take shiga cikin labari?"

"Ba a cikin labarin take zaune ba, yallaɓai. Tana wata ma'ajiya. Layin lambobi nake kwafowa in liƙa a labarin, sai ya zama kamar taga, mai karatu yana hango ta daga nan."

"Layin ta gwaji da na ta gaskiya sun yi kama?"

"Harafi biyu ne bambancinsu." Muryarta ta karye. "Na yi ta tunani. Wataƙila ni ce na liƙa wancan ban sani ba."

"Kuskure ne, ranka ya daɗe," in ji Jan Biro. "Yarinyar nan aiki ya yi mata yawa. A sassauta mata."

Sufeto dai ya san in ta tabbata ita ce, a ofishin 'yan sanda za ta kwana, kuma alhakin ran mutumin nan zai bi ta har ƙarshen rayuwarta.

Ya sauka ƙasa wajen Injiniya, mai kula da manhajar da ake shigar da labarai. Ɗakin sanyi kamar firji, ga wayoyi ko'ina.

"Manhajar nan tana ajiye tarihin gyara?"

"Ko waƙafi aka canza." Injiniya ya buɗe. "Ga shi. An wallafa labarin shekaranjiya da safe, da taswira mai kyau. Ƙarfe ɗaya da minti goma sha biyu aka sauya ta da ta gwaji. Bayan minti arba'in aka mayar."

"Da sunan wa?"

"Da na Mai Taswira, a kwamfutarta."

"Mai kuskure yakan dawo ya gyara, sannan ya manta ya yi?" Sufeto ya matso da fuskarsa. "Waɗannan layuka uku na sama fa, masu ja?"

"Yunƙuri ne da bai yi ba. Shafin yana da akwati biyu, na rubutu da na lambobi. In ka liƙa layin a akwatin rubutu, manhajar sai ta share shi. An yi haka ƙarfe ɗaya da minti biyu, da minti huɗu, da minti biyar."

"Taswira nawa matar nan ta taɓa sakawa?"

"Sun haura ɗari uku."

"Ta taɓa ɓata akwati?"

Injiniya ya shiga gyara wata waya da ba ta buƙatar gyara.

"Tsakanin minti biyar da minti goma sha biyu, wanda bai iya ba ya iya," in ji Sufeto. "Wani ya koya masa. Wa ya kira ka?"

"Ba wanda ya kira ni. Ina wajen cin abinci."

"Kawo wayarka."

Ƙaryar ba ta yi nisa ba. Ƙarfe ɗaya da minti bakwai akwai kira na minti uku. Injiniya ya haɗa gumi a cikin wannan sanyin.

"Wallahi tambaya kawai ya yi, ina ake liƙa layi. Na ɗauka koyo yake. Da na ji labarin gawar, tsoro ya kama ni."

Sufeto ya koma sama, ya sa aka rufe ƙofar ofishin Edita. Su huɗu ne a ciki.

"Malama, ina kike ƙarfe ɗaya shekaranjiya?"

"Na je ɗauko 'yata daga makaranta. Kullum haka nake."

"Kina kashe kwamfuta?"

"A'a. In na kashe, taswirar da nake haɗawa sai ta daɗe ba ta buɗe ba. Kowa ya sani."

Ya juya ga Jan Biro. "Kai fa, Malam?"

"Ina ofishina ina gyaran rubutu. Ni da biro na saba, ban san kan waɗannan abubuwan ba."

"Na yarda ba ka sani ba. Sau uku ka gwada." Ya ajiye wayar Injiniya a kan tebur, lambar tana haske. "Na huɗu ne ka tambaya."

Jan Biro ya dubi wayar ya daɗe. Sannan ya zauna a hankali.

"Ɗana ne shugaban ma'aikata a masana'antar," ya ce. "Masu masana'antar suka ce masa ubanka ɗan jarida ne, ko ka kawo sunan wanda ya tona mu, ko mu ce kai ka sa a zuba gubar. Na zaci korar mutumin za su yi. Wallahi kora na zata."

"Ai ka san sunan. Me ya hana ka faɗa musu da baki?"

"Mu uku muka sani. Da an tambaya, za a zo kaina. In kuwa a shafi ya fito, duniya ce ta gani. Na ce musu su duba shafin ƙarfe ɗaya da rabi."

Edita ta riga ta ɗauki waya, tana neman sauran shaidu goma sha ɗaya su bar gidajensu. Sufeto ya ba da umarni a tura musu mota, ya kira kurata biyu daga waje.

Mai Taswira ba ta yi kuka ba. Abin ya wuce kuka.

"Baba," ta ce, "me ya sa sai ni?"

Bai ɗago ba. "Na san ki. Kowa aka zarga zai yi musu. Ke kuwa za ki yarda ke ce."

Aka sa masa ankwa. Da aka zo wucewa da shi ya tsaya a gabanta, yana neman abin faɗa. Ta ja kujerarta baya don ya sami hanya, kurata suka sauka da shi.